Ƙafar yaro ta saki bayan tashin asma

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce shekararsa biyar, asma ta tasar masa har aka kwantar da shi a nan Jidda, kwana shida da sallama sai ƙafar hagu ta saki, alhali ya yi rigakafin shan inna cif.

Ki mayar da shi sashen gaggawa yau, ki nemi likitan jijiyoyi na yara ya duba shi. In numfashinsa ya yi nauyi ko haɗiya ta gagara, ki kira motar asibiti ta gaggawa a 997.

Za su fara da gwajin jini, don yawan buhar na Ventolin, wato tururin maganin asma da ake shaƙa, yana rage sinadarin fotasiyam a jini, jiki ya yi laushi. Yaron da ya daɗe a kan na'urar numfashi ana ba shi kotizon (maganin rage kumburi) da yawa ma tsokarsa kan raunana. Sai dai waɗannan dama da hagu suke kamawa tare.

Ƙafa ɗaya ko hannu ɗaya kuwa, bayan ƙirji ya lafa, shi ke sa a tuna da ciwon Hopkins, wanda aka fara bayyanawa a Ostareliya a 1974. Ba kasafai ake ganinsa ba. Ƙwayoyin laka masu ba tsoka umarni ne ke lalacewa, ana kuma zargin ƙwayar cutar da ta tayar da asmar. Ƙafar sai ta yi lagwab, in likita ya ƙwanƙwasa gwiwa da 'yar gudumarsa ba ta zabura, amma in kin mintsine shi zai ji. Wannan jin ne ke yaudarar iyaye su ce gajiyar jinya ce.

Za a yi hoton MRI na laka, a ɗebi ruwan baya, a auna jijiya da tsoka. Za a karɓi kashinsa sau biyu don gwajin shan inna, aƙalla awa 24 tsakani, cikin kwana 14 da sakin ƙafar. Ƙa'ida ce ga duk ɗan ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, ko da ya yi rigakafi.

Ba zan ɓoye miki ba, in ciwon Hopkins ne, ƙarfin bai cika dawowa duka ba, ko an gwada kotizon ko ruwan garkuwar jiki ta jijiya. Gashin ƙashi da wuri da takalmin da ke riƙe idon sawu su ke hana ƙafar ƙagewa. Kada a yi masa lalas ko matsa mai ƙarfi. Feshin kariya na kullum kuma ya ci gaba da shaƙa safe da yamma yadda likita ya rubuta.