Alhaji, kafin ka taɓa GX 550 fara ƙirga dilolinka

Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari ne ya aiko da tambaya, na taƙaita ta: yana sarin shadda da atamfa, ya ce shekaru biyun nan kasuwa ta yi albarka, yanzu haka akwai sama da miliyan 250 a asusun shago. Wani mai saida motoci ya yi masa tayin sabuwar Lexus GX 550 a wajen miliyan 200. Yana so in faɗa masa ko motar tana da kyau, kuma wai ya ji an ce irin wannan mota ajiya ce, in dala ta tashi sai ya sayar ya ci riba, ga 'yan siyasa za su riƙa ɗaukar haya lokacin kamfe.

Toh Alhaji, motar dai mota ce, ba zan ɓata ta don ina so in hana ka ba. A 2023 Lexus suka nuna ta, ta shiga kasuwa a 2024 ta gaji GX 460 da ta shafe sama da shekara goma ana yayinta. Ƙashin bayanta iri ɗaya ne da na Land Cruiser 300 da LX 600, wato jiki ne aka ɗora kan firam na ƙarfe, ba irin jif-jif ɗin nan na gayu ba da rami ɗaya ke kwance musu ƙafa. Tayoyi huɗun duk suna ja, giya goma gare ta, inji V6 mai turbo biyu, ƙarfin doki 349. In ruwan Agusta ya cika titi ko ka nufi ƙauye gaisuwa ba ta san wani abu wai shi laka ba. Kuma Lexus 'yar gidan Toyota ce, duk abin da ya fito daga gidan Toyota a ƙasar nan ba ya rasa mai saye, wannan kam gaskiya ne.

Amma fa tsohuwar, wato GX 460, V8 ce da ita marar turbo, wadda ko yaron bakanike a Kwakwaci ya santa ciki da bai. Wannan sabuwar ba haka take ba. Mai kamfanin ya ce fetur mai inganci sosai take so, kai kuma ka san irin abin da ake zuba mana a wasu gidajen man, balle in ka ƙure a hanya ka sha na 'yan bumburutu. Tankinta lita 80 ne, a lissafin Amurka lita ɗaya na kai ta kilomita bakwai da ɗan wani abu, ka saka gosulon titin IBB da AC a kunne ka ga abin da zai rage. Kujerun layi na uku na yara ne kawai, babba ba zai kai Zariya a can ba sai gwiwa ta yi tsami. Gilashin gaba akwai kyamara a manne, bamba akwai na'urori, ranar da mai adaidaita ya goge ka ba aikin fanel bita da fenti ba ne kawai, sai an jona ta da kwamfuta an sake saiti. Je Ƙofar Ruwa ka ce a ba ka fitilar gaba ta GX 550 'yar Beljiyam, dariya za su yi, sai dai a yi oda da dala ka zauna jira. Sannan a 2024 Toyota ta yi kiranyen motoci sama da 100,000 a Amurka, Tundra da LX 600, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage cikin injin tun daga masana'anta, kuma dangin injin nan ne. A can kyauta ake canza musu injin. Taka da za ta shigo ta hannun ɗan kasuwa, wa za ka kai wa ƙara?

Duk wannan ba shi ne ya dame ni ba. Abin da ya tsaya min a saƙonka shi ne ka faɗi kuɗin da ke asusu amma ko sau ɗaya ba ka ambaci riba ba. Ba ka ce ga abin da na ci bara ba, ba ka ce ga bashin da masu kaya ke bina ba, ba ka ce ga nawa ne a hannun 'yan sari ba. Na san dalili, ba ka da littafi. Alert kake kallo kana jin kai mai kuɗi ne.

Bari in nuna maka inda albarkar nan ta fito. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dala da take wajen 750 a Wapa ta haura 1,500 a 2024. Kayan da ka shigo da su da tsohon farashi ka sayar da su a sabon farashi, naira ta ninka a asusu, kowa a Kwari ya ga haka ya yi murna. To amma da za ka koma China ko Dubai, kuɗin nan da ya ninka dila nawa zai sayo maka? Daidai waɗanda ka sayar, wataƙila ma ƙasa, tunda kwastam ma da farashin dala suke lissafi. Jarinka ne ya kumbura Alhaji, ba ƙiba ya yi ba. In kana da dila ɗari a sito a 2022 yau kana da dila tamanin da kuma miliyan 250 a banki, kuɗin nan dilolin da suka ɓace ne, ba na mota ba.

Na san wani bawan Allah, layinsu ɗaya da wani amini na, haka ya yi da Land Cruiser 300 lokacin da take sabuwa fil. Ranar da aka kawo ta yaran shago har hoto suka yi ta ɗauka, ledar kujera ma bai yarda a cire ba. Watan azumi ya matso, lokacin da kowa ke cika shago don kayan sallah, masu kaya suka ce a turo ciko kafin a saki kwantena, ya duba asusu wayam. Ya zaga wajen abokai, kowa ya kalli motar ya ce ai Alhaji kai za ka ba mu. Waɗanda yake bi bashi kuwa suka daina ɗaga waya, a ganinsu mai wannan mota ba ya matse. Kwastomominsa na Nijar da Chadi suka zo suka tarar da kanta rabi, suka tsallaka shagon gaba, kuma ɗan sari in ya saba da wata ƙofa ba ya dawowa. Daga baya motar ta koma hannun dillalai a farashin wanda wuƙa ke wuyansa, ledar na nan a kujerar baya.

Batun wai mota ajiya ce, dan Allah a daina. Waɗanda suka ga kamar sun ci riba a mota faɗuwar naira ce ta rufa musu asiri, da za su lissafa da dala da sun ga asara. Hayar kamfe kuwa, haba Alhaji, ka ba da motar miliyan 200 a cika ta da matasa a shiga ƙauyuka, sannan ka bi ɗan takarar da ya faɗi zaɓe kana neman cikon kuɗinka? Ka ƙara da inshora, tun farkon 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ce cikakkiyar inshorar mota kar ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajarta, kaga miliyan 10 kenan duk shekara ko takaful, wato inshorar Musulunci, ka shiga lissafin bai yi nisa da haka ba. In ka ce ta naira 15,000 za ka yanka, to ka sani motar wani take karewa ba taka ba. Ga direba, ga mai da tun cire tallafi a Mayun 2023 bai koma inda yake ba.

Ni tambayar da ma zan yi maka, yaya kake fitar da zakka? Don mai fitar da ita daidai dole duk shekara ya ƙirga kaya, ya haɗa da tsabar kuɗi da bashin da yake sa ran karɓa, ya san abin da ake binsa. In kintace kake yi to nan ma akwai gyara, kuma wannan ya fi mota gaggawa.

Ka rufe sito ranar Juma'a da safe, kai da kanka ba yaronka ba, ka ƙirga kowace dila da kowane turmi. Ka sa musu farashin da za ka sake sayo su yau, ba wanda ka saya da ba. Ka cire haƙƙin masu kaya, ka cire kuɗin ajiyar mutane da ke hannunka, bashin da ya wuce shekara ba a biya ba ka ɗauka ya tafi. Ka ware abin da zai cika shago kafin azumi da hayar shekara. Abin da ya rage shi ne naka, in kashi ɗaya cikin uku nasa ya isa GX 550 je ka saya, amma a duba takardun kwastam da lambar chassis kafin ka tura ko sisi, tunda a 2017 an hana shigo da mota ta iyakokin kan tudu. In bai isa ba, GX 460 mai tsafta tana nan, ko ka ci gaba da wadda kake hawa. Ka turo min lissafin in ka gama, a rubuce.