Tambayi Kawu: Akwatin buroshin aski mai zagaya gidaje

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu, da fatan kana lafiya, da iyali. Ni ɗanka ne, ina aikin jinya a Mancesta, shekara uku ke nan. Ina da abokin aiki Bature wanda aski ya zame masa abin sha'awa, kamar yadda wasu a gida ke kiwon tattabaru. Ba ruwansa da injin aski ko kumfar gwangwani, shi dai sabulu da buroshi da reza irin ta da. Su goma sha ɗaya ne masu wannan ɗabi'a, kuma yanzu suna da akwati mai buroshi huɗu ƙirar hannu da suke aika wa juna ta gidan waya, kowa ya gwada mako biyu ya tura wa na gaba. Ya ce zai sa sunana. Ƙurajen aski sun dame ni a wuya, ina so in gwada, amma raina bai kwanta ba. Abin da ya bi fuskar mutum goma sha ɗaya, yaya zan ɗora shi a tawa? Na kuma ji an ce da gashin alade ake yin wasu. In ma na karɓa, me zan duba? Ni dai a wurina buroshi buroshi ne.

Ɗanka a Mancesta

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaya masa ya sa sunanka. Abin da ya rage sharuɗɗa ne, sai ka gyara zama.

Ni ma na taɓa shiga irin wannan zagaye lokacin da nake karatu a kudancin Ingila, kuma a ranar da akwatin ya iso ra'ayina da naka ɗaya ne. Na kwance shi a kan teburin girki, ga buroshi uku kowanne a naɗe cikin tsumma kamar turaren amarya, ga ƙaramin littafi da waɗanda suka riga ni suka rubuta abin da suka gani. Wani ya cika shafi biyu a kan buroshi guda. Na yi dariya, na ce lallai Allah ɗaya gari bamban. Kafin mako biyun su cika ni ma na cika shafi ɗaya da rabi.

Dalilin da ya sa suke wannan abu ba ɓoyayye ba ne. Buroshin aski ba takalmi ba ne da za ka sa a kanti ka taka ka ji. Ba mai barinka ka jiƙa shi kafin ka biya, kuma na ƙirar hannu mai gashi mai kyau yana iya haura fam 100. Aiki biyu ne a jikinsa. Akwai mariƙi, wanda maƙeri ke fafewa a kan injin juyi daga guntun itace, ko ƙaho, ko wata roba mai tauri da yake zuba wa launi da kansa. Akwai kuma tuntun gashin, da ake ɗaurewa a kafa cikin ramin mariƙin da gam. Yawancin ƙananan masu sana'ar mariƙi kawai suke yi, tuntun daga ƙasar Sin suke saro shi, kaɗan ne ke ɗaure nasu. Cikin tsofaffin gidaje akwai Simpson, wanda aka kafa a Landan a 1919, yanzu kuma a tsibirin Man, da ke teku tsakanin Ingila da Ireland, ake aikinsa, har yau da hannu suke ɗaure gashin. Hoto zai nuna maka kyan mariƙi. Halin gashin kuwa sai fuska ta ji. Shi ya sa suka yi wannan adashi, sai dai kwasar aro ce, ba taka ba.

Batun tsabta, kai ma'aikacin jinya ne, ka fi ni sanin inda haɗarin yake: jini. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kai mako guda da rai a kan busasshen abu. Saboda haka reza ba a aronta, ba a bayar da ita, ko da ta ɗan'uwanka ce uwa ɗaya uba ɗaya. Buroshi ba ya yanka, amma yana bi ta inda aka yanke. In ka ƙwarzane kanka, kada ka mayar da buroshin jama'a kan wurin, ƙarasa da hannu. In kana da makero ko ƙurji mai ruwa a lokacin da layinka ya zo, ka ce a tsallake ka. Ka kuma tambayi abokin naka ko sauran suna bin wannan ƙa'ida. In ya yi maka kallon mamaki, ka janye sunanka. Da akwatin ya iso, ka wanke kowane buroshi da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke ko na wanke gashi, ka jiƙa shi ɗan lokaci a ruwan da aka ɗiga wa khal, ka ɗauraye, ka bar shi ya bushe sarai, kwana biyu ba su yi yawa ba. Na gashin roba yana jure maganin kashe ƙwayoyin cuta irin na shagon aski. Na gashin dabba wankewa kawai ake yi, ba ya zama kamar kayan tiyata, kuma kada wani ya ce maka yana zama.

Tsoron naka ma yana da tarihi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, gashin da aka saba samu daga Rasha ya yanke, masu sana'a suka koma sayen gashin doki daga waje, wani ba a tsabtace shi ba. Sojojin Amurka da na Ingila suka riƙa kamuwa da cutar saifa, wadda makiyayanmu suka sani a shanu, ta ƙurji a fuska da wuya. Da aka bi sawu sai aka tarar daga buroshin aski ne. Amma ka lura, sababbin buroshi ne suka jawo wannan, ba na aro ba, kuma tun daga nan aka tsaurara dokar tsabtace gashi kafin a yi aiki da shi.

Yanzu maganar alade. Gaskiya aka gaya maka. In ka ga an rubuta boar ko bristle a jikin kwali, gashin alade ne, kada kalmar ta ruɗe ka. Kamfanin Omega na Italiya da Semogue na Fotugal sun yi suna a kansa, kuma yana da araha, wani bai kai fam 10 ba. A fiƙihun Malikiyya da aka karantar da mu a zaure, Muhtasar na Shehu Halilu ya lissafa gashi cikin abubuwa masu tsarki, ko da na alade ne, in dai sausaye shi aka yi ba tuge shi ba. Shafi'iyya kuwa najasa suke ɗaukarsa gaba ɗaya. Ga shi kuma wannan gashi yawanci da saiwarsa ake ciro shi bayan yanka. Fatawa ta malaminka ce, ba ta Kawu ba. Abin da ni na yi shi ne, na bar shi a naɗe cikin tsummansa, na rubuta a littafin cewa ban gwada ba saboda addini. Ba wanda ya ce uffan. In akwai shi a akwatinku, ka roƙa a riƙa naɗe shi daban.

Ba ka rasa komai ba, don sauran iri uku ne. Mafi tsada shi ne na wata dabba da Turawa ke kira baja, dangin dagen dajinmu, mai fari da baƙi a fuska. A Ingila doka ta kare ta, kusan duk gashin da ke kasuwa daga Sin yake fitowa. Yana da daraja hawa-hawa, na ƙasa baƙi-baƙi mai tsikari, na sama mai farin baki, wanda in ya jiƙu kamar auduga. Yana shan ruwa ya riƙe ɗumi, abin da za ka gode wa a asubar hunturun Mancesta. A 2018 masu kare haƙƙin dabbobi suka fitar da hotunan yadda ake kiwonta a keji a Sin, har wasu manyan kamfanoni suka daina sayar da shi. Akwai na doki, wanda kamfanin Vie-Long na Sifaniya ke yi da gashin geza da na wutsiya, ba tare da an kashe dokin ba. Sai na roba, wanda da can kamar tsintsiya yake, amma yanzu ya gyaru ƙwarai: ba ya wari, ba ya son jiƙo, yana bushewa kafin azahar. Tsofaffin 'yan harkar suna raina shi. Ni shi nake amfani da shi yau shekara da shekaru, kuma ba na jin kunyar faɗa.

To me za ka duba? Da farko kada ka sauya komai sai buroshin. Sabulu ɗaya, reza iri ɗaya, duk mako biyun. In ka sauya sabulu ka sauya buroshi rana guda, ba za ka san wa za ka yaba ba. Kowanne ka ba shi kwana uku a jere, don ranar farko ba ta shaida: ko ruwa ya yi maka yawa kumfar ta tsinke kamar ta wanki, ko ya yi kaɗan ta kame a fuska kamar ƙullu. Abin da kake nema kumfa ce mai sheƙi da santsi, kamar kindirmo da aka buga, wadda ba ka ganin ƙwayoyin iska a cikinta.

Sai ka saurari fuskarka. Ka danna buroshin a kumatu a hankali. Wani zai baje nan take ya kwanta, kamar jelar akuya a ruwa. Wani zai tsaya ƙyam yana tura gemun. Wannan tsayuwa ita ce masu gashi irin namu, mai kauri da murɗewa, suka fi bukata, amma in ta zo da tsikari wuyanka zai yi ja kafin reza ta taɓa shi. Lambobi biyu ke hukunta wannan, kuma za ka same su a littafin akwatin: faɗin gindin tuntun, yawanci tsakanin milimita 22 zuwa 28, da tsayin gashin da ya fito daga mariƙi, wajen milimita 50. Tuntu ɗaya, in maƙeri ya nutsa shi milimita biyu kacal cikin rami, sai ya zama wani buroshi daban. A nan gwanintar mai ƙirar hannu take, ba a launin mariƙi ba. Ka duba kan tuntun ma: akwai mai tulluwa kamar albasa, akwai mai buɗewa kamar mafici.

Akwai kuma buroshi marowaci. A akwatinmu akwai wani mai mariƙi shuɗi da ratsin fari, kowa ya yabe shi a littafi, gashin cunkus kamar dawar da ta yi kyau. Zan loda masa sabulu, ya haɗiye, in shafa a fuska ya ba ni ɗan kaɗan. Sai na matse shi a ƙarshe in ga kumfa ta cika tafin hannu. Wanda ya fi min daɗi shi ne wani gajere mai mariƙin itace da ba wanda ya kula. Mariƙin ma ka gwada shi da jiƙaƙƙen hannu mai sabulu, don wani kyakkyawa ne a kan kanta amma ba shi da ƙugun da yatsa zai kama.

Kada ka ɗauki abin da wasu suka rubuta kamar karatun allo. Ruwa ma yana da hannu a ciki. Na Landan da kewayenta alli ya yi masa yawa, yana kashe kumfa kamar rijiya mai zartsi, ku kuwa a Mancesta ruwanku daga tafkunan arewa ake jawo shi, mai laushi ne, sabulu kaɗan ya ishe ka.

Bari in gaya maka abin kunyar da na yi, don kada ka maimaita. Ranar da zan tura akwatin gaba, na ce bari in yi wa na bayana kirki. Na tafasa ruwa a buta, na zuba a kofi, na tsoma shuɗin nan har wuya, na tafi sallar la'asar. Da na dawo bakin gashin ya nannaɗe kamar an babbaka, na ɗan ja shi sai ga tuntun a hannuna na dama, mariƙi a hagu. Gam ya saki. Na buga wa mai shi waya ina in'ina. Ya yi shiru, sannan ya ce in aika masa mariƙin, sabon tuntu kuma kuɗinsa a kaina. Kuɗin cefanena na mako biyu ya tafi. Ruwan da hannunka ba zai iya zama a ciki ba, buroshi ma ba zai iya ba. Kada ka murza shi da ƙarfi kamar mai wanke tukunya, kada ka rufe shi da danshi a leda, kada ka riƙe akwatin ya wuce ranarsa, kuma ka biya kuɗin aike mai lambar bin sawu. Gashi biyu ko uku in sun zube ba komai. In ka ga ya fi haka ka rubuta, don kada a ɗora wa na bayanka.

Ƙurajen wuyanka kuwa, kada ka sa ran buroshi kaɗai zai kore su. Gashinmu murɗaɗɗe ne, in aka yanke shi ƙasa da fata sai ya lanƙwasa ya koma ciki. Buroshi yana tausasa shi ya ɗaga shi, wannan taimako ne. Amma babban aikin na reza ne: mai baki ɗaya, ba mai jere uku ko biyar ba, ka bi inda gashin ya kwanta, kada ka ja fata, kada ka nemi sulɓi irin na goshin jariri. Wanzamin unguwarmu da tafin hannu da ruwan kasko yake jiƙa gemu, ya daɗe yana murzawa kafin ya zaro aska, kuma wannan jinkirin shi ne rabin abin da buroshi zai koya maka. Bayan aski ka shafa alif a jiƙe, ka ɗauraye bayan minti ɗaya. Alif ɗin ka sayi naka, shi ma ba ya shiga akwati.