Kalmomin nazarin al'umma da al'ada, da yadda ake aiki da su a fagen bincike

Ɗan'uwa, ka ce kana shirin fita bincike, amma kalmomin al'umma da al'ada da matsayi da emik da etik sun cakuɗe maka. Haddar ma'anarsu ba za ta kai ka ko'ina ba. Kusan kowacce an kawo ta ne don toshe wani ramin da masu bincike ke yawan faɗawa, in ka gane ramin, ma'anar za ta zauna maka da kanta.

Al'umma ita ce mutanen da alaƙoƙin da suka ɗaure su. Al'ada kuwa abin da suke koya daga juna ne, suna miƙa wa na baya: harshe, imani, doka, sana'a, abin kunya da abin alfahari. Edward Tylor ya yi mata ma'ana tun 1871, kuma abin riƙewa a maganarsa shi ne koyon al'ada ake yi, ba a jini take ba. A 1952 Kroeber da Kluckhohn sun tattara ma'anoninta sama da 160. Saboda haka zaɓi ɗaya, ka faɗe ta a babin farko, ka tsaya a kanta.

Matsayi kujera ce, rawa kuma abin da ake sa ran mai kujerar zai yi. Ralph Linton a 1936 ya raba matsayi biyu: wanda aka haifi mutum da shi, da wanda ya samu da guminsa.

Babban rami shi ne auna kowa da mudun gidanku, abin da William Sumner ya yi bayaninsa a 1906. Za ka kama kanka kana yi in kalmomi irin su "camfi" ko "ci baya" suka fara shiga littafinka. Maganinsa shi ne abin da Franz Boas ya koyar a Jami'ar Kolambiya ta Amurka: a fahimci kowace ɗabi'a a cikin muhallinta. Ɗalibai kan ɗauka wannan na nufin amincewa da komai. A'a, ƙa'idar aiki ce kawai: jinkirta hukunci har ka gane me ya sa ake yin abin, wa ke amfana, wa ke cutuwa.

Emik da etik na Kenneth Pike ne, masanin harshe, daga 1954. Emik bayanin masu abu ne da bakinsu, etik kuma bayanin mai bincike da ma'aunin da za a iya kwatanta al'ummomi da shi. Ɗauki wata musayar kaya mai suna "kula" da masanin al'umma Malinowski ya nazarta a tsibiran Tirobiriyan na tekun Pasifik tsakanin 1915 da 1918. Sarƙoƙin wuya na jan ɓawon teku suna zagaya tsibiran ta wata fuska, awarwaron hannu farare suna bin ɗaya fuskar, kuma ba mai riƙe su har abada. Ga masu yi, zancen suna ne da daraja, manyan kayan ma kowanne da sunansa da tarihinsa. Ga mai bincike, hanya ce ta ƙulla amana tsakanin tsibirai, wadda ciniki ke tafiya a gefenta. Duka biyun gaskiya ne. Ɓarnar tana zuwa ne in ka sa fassararka a bakin mutane. Ja layi a tsakiyar kowane shafi: dama abin da aka faɗa kalma da kalma, hagu abin da kai ka fahimta.

Hanyar aikin ita ce zama cikin mutane, ana yi da kai kana lura. An saba ɗaukar shekara guda don a ga kowane yanayi, amma in wata uku ke gare ka, rage tambayar ta yi daidai da lokacin. Yi gajeren rubutu nan take, ka cika shi kafin ka kwanta, don bayan kwana biyu ƙwaƙwalwa kan gyara labari ta cike giɓi da zato. Rarrabe abu uku: ƙa'idar da aka ce ana bi, abin da mutum ya ce yana yi, da abin da idonka ya gani. Kada ka dogara da mutum ɗaya, musamman wanda ya fara rungumar ka, sau da yawa yana da nasa buri. Nemi izini, ka sauya sunaye.

Dangantaka ce wurin da aka fi yin tuntuɓe. A zane, alwatika namiji ne, da'ira mace, layi biyu a kwance aure, sannan ka ware mutumin da ake lissafi daga kansa. Kada ka tambaya "wane ne kawunka?", domin ka riga ka ɗora masa rabon harshenka. Tambayi wa ya haife shi, su wa aka haifa tare da mahaifiyarsa, ka rubuta sunaye, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya: "wannan me kake kiran sa?" A tsarin kiran dangi irin na mutanen Hawayi, alal misali, kalma ɗaya ce ga uba da 'yan'uwansa maza da na uwa. Kuma in ka tarar ana bin dangin uwa, kada ka rubuta cewa mata ke mulki. A Tirobiriyan ta uwa ake bin zuri'a, amma iko a hannun ɗan'uwanta namiji yake, shi yaro ke gada.