Ku Tambayi Inna: Asusuna ba ya kwana biyu

Tambaya: Inna, ina gaisuwa. Ni ɗan kabu-kabu ne a unguwar Bagalam ta Maradi, babur ɗin wani nake tuƙawa, kullum da yamma in kai masa kuɗinsa. Sau uku ina fara tari don in sayi nawa, sau uku ina fasa asusun. Na farko ɗiyata ce ba lafiya, na biyu hidimar Sallah, na uku ban ma san inda kuɗin suka bi ba. Abokaina a fada suna cewa hannuna ne ba ya riƙe kuɗi. In haƙura ne?

Amsa: Ɗana, cire na farkon daga lissafi. Wanda ya fasa asusu ya kai ɗiyarsa likita bai yi ɓarna ba. Na ukun ne ya dame ni, kuma na san inda suka bi: shayi, suga, katin waya, da "ɗan ranta mini zuwa gobe". Ba ka faɗa ba, amma na tabbata sai dare kake jefa abin da ya rage. To, a aljihun ɗan kabu-kabu me ke raguwa bayan isha'i?

Juya abin. Dala 100 (sefa 500) ta farko da ta shigo hannunka da safe ba taka ba ce, ta babur ce. Kwana 300 a haka jaka 150 ke nan. Ba ta kai kuɗin sabo ba, amma ta isa ka shiga ciniki da bakinka. Ranar da gari ya yi tsauri, sa ko dala 20, kar dai hannu ya manta hanya.

Sannan ka raba kanka da mabuɗi. Mata Masu Dubara, ƙungiyoyin asusu na mata da aka fara a nan jihar Maradi a 1991, akwatinsu kwaɗo uku gare shi, mabuɗan a hannun mata uku, ba a buɗewa sai gaban kowa. Kuma kuɗin ciwo da rasuwa daban suke zuba shi, don kada lalura ta cinye jari. Da kana da wannan ƙaramin asusu na biyu, da ciwon yarinyar bai taɓa kuɗin babur ba. Maza na raina abin wai na mata ne, alhali da yawansu da shi aka yi musu ragon suna.

Ni ma na taɓa komawa sifili. Da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, atamfofin da nake kai wa Katsina ta Ɗan Isa suka zauna mini a ɗaki, jarin ya narke. Ƙosai na koma soyawa a ƙofar gida, da zubin adashe duk Juma'a.

Fada kuwa ban ce ka daina zuwa ba, amma ka je bayan ka miƙa kuɗin ga mai ajiya. Samo mutum huɗu cikin abokan sana'arka ku kafa adashe, kai ka karɓi kwasar ƙarshe. Ka rubuto mini bayan girbin gero in ji nawa aka tara.