Lissafin haɗin yumɓu da aka samo a intanet, zai yi mana aiki a Marwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni daga Marwa nake, mahaifiyata ginin tukwane take yi tun muna yara, randa da tulu da kasko, yanzu ni nake taya ta. Damuwarmu kaya suna yawan tsagewa tun kafin su shiga wuta, wasu kuma sai an gasa an kai kasuwa bayan kwana kaɗan kaga jikin yana ɓantarewa. Ƙanena ya nemo min wani lissafi a waya wai haka Turawa suke haɗa nasu: kawolin 25, bol kile 25, feldisfa 25, silika 25, a ƙasa an rubuta kon 10. Dan Allah mene ne ma'anarsu, kuma in na nemo kayan nan matsalar zata ƙare?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, a gaida min Inna da aiki. Toh kar ki kashe ko dala ɗaya akan kayan nan tukuna, bari na gaya miki dalili.

Duk lissafin haɗin yumɓu da aka baki, daga ƙasa ake fara karanta shi, wato wajen da aka rubuta zafin wuta. Kon ɗin nan wani ɗan tsinke ne na tangaran da ake tsayarwa a cikin tanderu, in zafi ya kai inda ake so sai ya lanƙwashe, kowanne da lambarsa. Kon 10 yana nufin wajen digiri 1280 zuwa 1300. Ke kuma gashin da kuke yi a fili da kara da itace da kashin shanu, tsakanin digiri 600 zuwa 900 yake kaiwa, shima ba ko'ina ba, gefen da iska ta buga daban gefen da ta bari daban. Kinga kenan tun daga nan an raba hanya. Wannan lissafin ma sananne ne, na farin tangaran ne irin na faranti da kofin shayi, in kika haɗa shi kika sa a wutarku abinda zai fito fari ne mai gari-gari kamar alli, da farce ma zaki kankare shi.

Lambobin kuwa kashi ne cikin 100, haɗa su ki gani 100 zasu baki, kuma nauyi ake nufi na busasshen gari akan sikeli, ba mudu ko tasa ba, dan tasar yashi da tasar garin yumɓu ba nauyinsu ɗaya ba. In kinga an ƙara wani abu a ƙasa kamar bentonait 2, ƙari ne akan ɗarin, dan a samu danƙo.

Kawolin farin yumɓu ne mai jure wuta sosai amma danƙonsa kaɗan ne, danginsa ne kalaba ɗin nan da mata suke saya a kasuwa suna ci. Bol kile shi yake kawo danƙo, shi yake sa a iya ja a lanƙwasa bai karye ba, amma yana tsukewa da yawa in yana bushewa. Feldisfa dutse ne, in kin duba duwatsun Mandara ta wajen Mokolo zaki ga ɗigo-ɗigo fari ko mai ɗan ja a jikinsu, toh shine, aikinsa ya narke ya zama kamar gilas ya toshe ƙofofin da ruwa yake bi, sai dai baya fara wannan aikin sai zafi ya haura digiri 1100. A wutarku zama kawai zai yi kamar tsakuwa. Silika kuma yashi ne da aka niƙa lukwi, shine ƙashin jikin.

Wato abu uku haɗi irin wannan yake nema: mai danƙo, mai riƙe jiki, da mai narkewa. Biyun farko Inna ta san su da hannunta tun kafin a haife ki, na ukun kuma ba kwa buƙatarsa, asali ma cutarku zai yi inda zai yi aiki, saboda randa sai tana tsattsafo take sanyaya ruwa, iska tana busar da jiƙar bayanta zafi yana fita. Randar da ta toshe gaba ɗaya bokiti ce kawai mai nauyi, wa zai saya a zafin Marwa na watan Afrilu?

Yanzu maganar tsagewa, wadda ita ce ainihin ciwon. Baki faɗi inda kuke ɗebo yumɓu ba amma ina zargin baƙar laka ce irin ta karal, inda ake shuka muskuwari, dawar nan ta rani. Ai kin ga yadda take darewa da rani har ƙafar yaro ta iya faɗawa, toh abinda take yi a gona shi take yi a jikin tukunya, tana shan ruwa ta kumbura, ta bushe ta tsuke. Maganinta a surka ta da abinda baya tsukewa. Mafi kyau tsingaro ne, fasassun tukwane da aka riga aka gasa, a daka a turmi a tankaɗe, masu Faransanci suna ce masa shamot. Yashin mayo, wato na kogi, shima yana yi, amma ga tukunyar girki nafi son tsingaro, dan ƙwayar yashi tana kumbura farat ɗaya a digiri 573 sannan ta koma in wuta tana hucewa, in yayi yawa kuma ƙwayar manya ce sai ya bar ƙananan tsaga a ciki da ido baya gani. Masu sa ƙaiƙayi ko kashin jaki suma da hujjarsu, yana ƙonewa ya bar ƙofofi tururi ya samu hanya, sai dai kayan basa kai na tsingaro ƙarfi.

Nawa za'a sa? Wannan babu wanda zai faɗa miki daga nesa, ni ma ban isa ba, gwaji ne. Ki shanya yumɓun ya bushe ƙarau, ki daka, ki auna haɗi uku na kilo ɗai-ɗai: giram 900 na yumɓu da 100 na tsingaro, sai 800 da 200, sai 700 da 300. Ki kwaɓa kowanne ki barshi ya kwana a leda. Da safe ki murza kamar kaurin yatsa ki naɗe a yatsanki, wanda ya karye tsingaro yayi masa yawa. Sannan kowanne ki yi masa 'yan falle kamar sabulun wanki amma sirara, ki ja layi na santimita 10 daidai da rula, ki sa alama a baya dan kar su rikice miki, wallahi na sha yin gwaji na sati biyu na manta alama na koma farko. Ki barsu a inuwa kina juyawa, ba a rana ba, balle iskar hunturu.

In sun bushe ki sake aunawa. Layin da ya koma 9.4 ya tsuke kashi 6 kenan, wannan lafiya ne. In kika ga 9 ko ƙasa da haka toh ga mai fasa miki kaya nan, ƙara tsingaro. Sai ki cusa su cikin gashin Inna na gaba. Bayan sun huce ki auna nauyi, ki tafasa su a ruwa awa 5 ki barsu ciki har kwana, ki goge ki sake aunawa: mai giram 100 da ya koma 114 ya sha ruwa kashi 14, kuma kayan wutar fili dama daga kashi 10 zuwa sama suke sha, kar ya tsorata ki. Tangaran ɗin wancan lissafin ko rabin kashi ɗaya baya kaiwa. Ki ƙwanƙwasa su kuma, mai ƙara ƙal-ƙal ya gasu, mai buf-buf wuta bata ishe shi ba ko ya tsage a ciki.

Ɓantarewar da kika ce kuma bayan kwanaki, duba tsakiyar ramin da kyau, in kinga ɗan farin ɗigo toh dutsen farar ƙasa ne, kuma lakar karal tana yawan zuwa da 'yan ƙwayoyinsa. Wuta tana gasa shi, yana fitowa sai ya riƙa jan danshin iska yana kumbura har ya ture fatar tukunyar. Ɗiga binegar, ruwan tsamin nan na girki, akan tsakuwoyin da kika tsince daga yumɓun, in yayi kumfa shine. Hanyar fita ki jiƙa yumɓun ya narke kamar kunu, ki tace da rariya mai ƙananan ido, ki zuba a bar shi ya tsane. Aiki ne kam, bayanki zai gaya miki.

Wajen dakan tsingaro ki yayyafa ruwa ki ɗaure hanci, ƙurar tana zama a huhu. In kin gama gwajin turo min awon layukan guda uku da hoton fallen bayan gashi, da na cikin ramin da ya ɓantare, sai mu ga wanne za'a ɗauka wa randa wanne wa kasko, dan ba lallai haɗi ɗaya ya yi musu duka ba.