Tambaya da Amsa: Gadon Fitila Zai Iya Maye Gurbin Rana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun lokacin dokar kulle ta annobar korona a 2020 aikina ya koma cikin gida, kuma har yau ban koma fita kamar da ba. Kwanan baya aka gwada jinina, likita ya ce bitamin D ɗina ya yi ƙasa. Wata ƙawata ta ba ni shawarar in riƙa shiga gadon fitilun nan da ake kwanciya a ciki domin fata ta ƙara duhu, irin wanda ake samu a wasu wuraren motsa jiki. Ta ce yana ba da bitamin ɗin, yana kuma shirya fata kafin a fara fita rana. Shin hakan gaskiya ne? Idan ba gaskiya ba ne, yaya zan koma wa rana ba tare da na cutar da kaina ba?
Wata mai karatu

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙawarki ta nufe ki da alheri, amma ina roƙonki da kada ki bi wannan shawara, kuma ga dalili.

A cikin hasken rana akwai wani haske da ido ba ya gani da ake kira UV, wanda nau'i biyu daga cikinsa suke isowa gare mu, wato UVA da UVB. UVB shi ne yake sa fata ta fara haɗa bitamin D, sannan hanta da ƙoda su ƙarasa aikin, kuma shi ne yake ƙona fata idan ya yi yawa. UVA kuwa ya fi shiga cikin fata sosai, yana rina ta, yana tsufar da ita, amma ba ya haɗa bitamin ɗin. Mafi yawan hasken da fitilun wannan gado suke fitarwa UVA ne, domin an ƙera su ne don su canza launin fata. Ke nan za ki ɗauki illar da yawa, ki samu abin da kike nema ɗan kaɗan. Wannan bambanci ne kuma ya sa zama kusa da taga a watannin kulle bai taimaka wa mutane ba, saboda gilashi yana tare kusan duk UVB, ya bar mafi yawan UVA ya wuce.

Batun illar ba zato ba ne. A 2009 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda take birnin Liyon na Faransa, ta sanya waɗannan na'urori a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam, rukunin da taba sigari take ciki. Nazarin da ta dogara da shi ya nuna cewa wanda ya fara amfani da su kafin ya kai shekara 30 yana ƙara haɗarin kamuwa da melanoma, mafi munin kansar fata, da kashi 75 cikin ɗari. A 2009 ɗin ce Brazil ta haramta amfani da su don kwalliya, Ostireliya ta fara rufe shagunansu a 2015, Ingila kuma ta hana masu ƙasa da shekara 18 shiga. Maganar cewa gadon yana shirya fata ita ma ba ta da tushe, domin duhun da yake kawowa alama ce ta cewa fata ta riga ta ji rauni tana ƙoƙarin kare kanta, kariyar da yake bayarwa kuma ba ta taka kara ta karya ba.

To, ranar kanta fa? Ki koma mata, amma a hankali, domin fatar da ta daɗe a inuwa ta fi saurin ƙonewa. Fita da safe yana da amfani mai yawa, yana daidaita barci, yana kuma sauƙaƙa ƙuncin da zaman gida ya bar wa mutane da dama. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba: hasken safiya ba ya ɗauke da UVB mai yawa, kuma lokacin da ya fi haɗa bitamin D, wato daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, shi ne lokacin da ya fi ƙona fata. Saboda haka a wannan tsakani mintoci kaɗan sun isa, hannuwa da ƙafafu a buɗe, a koma inuwa kafin fata ta fara zafi ko ja. Mai duhun fata yana buƙatar lokaci fiye da mai haske, domin sinadarin da yake ba fata launi yana tare wani ɓangare na hasken. A ƙasashe masu nisa da tsakiyar duniya ma, irin su Birtaniya, ranar hunturu ba ta da ƙarfin haɗa bitamin ɗin, shi ya sa hukumomin lafiya na can suke ba da shawarar shan maikrogiram 10 na ƙwayar bitamin D a kullum a wannan lokaci. A ganina, tunda gwaji ya riga ya nuna ƙarancin a jikinki, ƙwayar da likitanki zai rubuta miki ita ce hanyar da ta fi tabbas.

Idan za ki daɗe a waje, ki duba ma'aunin ƙarfin UV da manhajojin hasashen yanayi suke nunawa. Da zarar ya kai 3 ana buƙatar kariya, ko da akwai gajimare, domin hasken yana ratsa shi. Ki nemi inuwa, ki sa tufafi masu rufe jiki da tabarau mai tare UV saboda yanar ido, ki shafa man kariya mai lamba SPF 30 ko sama da haka, wanda yake tare kimanin kashi 97 cikin ɗari na UVB, ki kuma sabunta shi duk bayan awa biyu. Zabiya da masu shan magungunan da suke sa fata saurin ƙonewa a rana, irin su doksisaikilin, sai sun ƙara taka tsantsan ƙwarai.

Kada duhun fata ya sa kowa ya saki jiki. Melanoma ba ta cika kama masu duhun fata ba, amma idan ta kama su takan fito a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce, kuma sau da yawa ba a gano ta da wuri. Duk tabon da ya canza girma ko launi, ko ciwon da ya ƙi warkewa, a kai shi gaban likitan fata ba tare da jinkiri ba.