Gini Ya Kai Rufi, Yanzu Me Za a Fara Zaɓa?

Wasiƙun wannan karon duk na masu gina gidan kansu ne, kuma kusan dukansu gininsu ya wuce linta. A nan ne dama tambaya ke yawa, domin kafin nan injiniya da birkila ne ke yanke shawara, bayan nan kuwa kowa mai gida zai zuba wa ido.

Tambaya: Cikin wata uku aka tashi ginina daga fandisho har rufi. Yanzu wata biyu ke nan in na je sai in ga kamar ba a taɓa komai ba, kuɗi kuma na ta fita. Ɗan kwangila ne ke ja min rai? *(Mai ginin fari)*

Amsa: Malam, ba lallai ba ne. Jera bulo aiki ne da ido ke gani, ka tafi da safe ka dawo da yamma bango ya ƙaru. Bayan rufi kuwa aikin cikin bango yake komawa: sassaƙa hanyar waya, binne bututun ruwa, kafa firam ɗin ƙofa da taga. Kuma ma'aikatan layi suke bi. Mai filasta ba zai shiga ba sai mai wayarin da mai famfo sun fita, mai tayil na jiran mai filasta, mai fenti na jiran kowa. Ga kuma jiran da babu mai iya gaggauta shi: kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da injiniya ya lissafa da shi, kuma yana son ban ruwa aƙalla kwana 7 na farko.

Duk da haka kada ka zauna kan zato. Ka ce ya rubuta maka jerin abin da ya rage, mataki mataki, da ranar gama kowanne, ka kuma ɗaure biya da kammala mataki maimakon ƙarshen wata. Abubuwan da za su sa ka damu su ne ka biya kuɗin kaya ba ka gan su a wurin ba, ko kullum sabuwar fuska kake tararwa saboda na baya ba a sallame su ba, ko ya fara neman kuɗin tayil alhali ba a gwada bututun ruwa ba. Sannan ka sake zama da lissafinka tun yanzu. A gidaje da yawa, abin da ake kashewa bayan rufi bai gaza wanda aka kashe kafinsa ba, kuma masu ganin kwano a sama su ɗauka an ci ƙarfin aiki su ne gininsu ke yin shekaru babu taga.

Tambaya: Ni da maigidana mun kasa daidaitawa kan launin fentin falo da irin tayil. Mai wayarin kuma ya ce mako mai zuwa zai fara. Wa ya kamata ya haƙura? *(Uwargida mai jiran tarewa)*

Amsa: Hajiya, ku duka biyun ku ajiye wannan gardamar, lokacinta bai yi ba. Fenti in bai yi muku ba, kwana biyu da bokiti kaɗan sun sauya shi. Abin da mai wayarin zai binne mako mai zuwa kuwa sai da guduma ake gyara shi. Tun ran gini ran zane, kuma zanen da ya kamata ku yi wannan makon da alli za ku yi shi a jikin bango.

Ku shiga ɗaki ɗaki. A ɗakin kwana ku zana inda gado zai zauna da faɗinsa na gaskiya, sannan a sa soket a kowane gefe, a wajen kan gadon ba a bayansa ba. Ku tsaya a bakin kowace ƙofa ku yanke ta wane ɓangare za ta buɗe, domin makunnin fitila ya zo gefen mariƙi. Gidaje nawa ne mutum zai shiga ɗaki cikin duhu, ya tura ƙofa, sannan ya zagaya bayanta yana lalube? Ba sakacin mai wayarin ba ne kaɗai, babu wanda ya gaya masa. A kicin kuwa kada a ja waya ko ɗaya sai kafinta ya zana kabad, an san mazaunin firji, murhu, wurin wanke-wanke da injin wanki. Teburin kicin yawanci santimita 90 ne daga ƙasa, soket ɗinsa sai ya hau sama da haka. Na'urar sanyaya ɗaki da tukunyar ɗumama ruwa kowacce tana son layinta daban. Ku roƙe shi ya bar bututu ɗaya ko biyu babu komai ciki, daga inda mitar wuta take zuwa silin, saboda wayar intanet, kyamara ko sola da za ku so nan gaba. Kuɗinsa yanzu bai taka kara ya karya ba.

Banɗaki ya fi komai son a riga shi. Ku zaɓi masai tun kafin a kafa bututu, domin wani ta ƙasa yake fitar da ruwa, wani ta bango, kuma tazararsa da bango ta bambanta. Haka famfon shawa, in wanda ake binnewa kuke so dole ya zo kafin filasta. In an gama, a cika bututun da ruwa, a matsa shi da famfon gwaji, a bar shi ana duban agogonsa. Allura ta sauka, akwai yoyo. A shafa maganin hana ruwa a ƙasan banɗakin har ya hau bango, a toshe magudana, a tara ruwa na awa 24 a gani. Ƙasan kuma ya gangara wajen magudana da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Wanda ya tsallake waɗannan zai gane bayan shekara, ranar da fentin ɗakin da ke bayan banɗakin ya fara kumbura yana zubar da farin gari daidai ƙasan bango.

Kafin mai filasta ya rufe komai, ki ɗauki hoton kowane bango da waya, da tef ɗin awo a miƙe a cikin hoton. Ranar da za a rataya talabijin ko madubi, wannan hoton ne zai hana a huda bututu.

Launin falo kuwa, in lokacin ya zo, wanda ya fi yini a cikinsa ya fi haƙƙi. Ra'ayina ke nan, ban ce hukunci ba ne.

Tambaya: Na ga tayil mai sheƙi manya-manya, ina so in shimfiɗa shi ko'ina har banɗaki. Mai sayarwa ya ce akwai fosilin akwai siramik, bambancin kuɗinsu da yawa. Wayo ne? *(Wani ɗan'uwa)*

Amsa: Ba wayo ba ne. Fosilin an gasa shi da wuta mai tsanani, ruwan da yake sha bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba, shi ya sa yake jure taku da danshi. Siramik ya fi shan ruwa, ya fi saurin ɓarewa a baki, amma a bango babu abin da zai same shi. Don haka ka raba kuɗinka: fosilin a falo, baranda da kicin, siramik a bangon banɗaki. Kana iya gwadawa a gaban mai shagon, ka juya bayan tayil ɗin ka ɗiga ruwa. In ya tsotse nan take siramik ne, komai aka rubuta a kwali.

Mai sheƙi a ƙasan banɗaki kuwa ban yarda ba. Ruwa da sabulu a kansa tarko ne, musamman ga tsofaffi da yara. Ka nemi mai ɗan kaushi. Wasu kwalayen suna ɗauke da lambar santsi daga R9 zuwa R13, kuma inda ruwa ke zuba kada ka sauka ƙasa da R10. Manyan tayil ma ba sa son gangaren banɗaki, ƙanana sun fi bin sa. A falo suna da kyau, amma sai daɓen ya miƙe sosai, in ba haka ba baki zai ɗara baki, ƙafa ta riƙa tuntuɓe.

Ka sayi duka a lokaci ɗaya, ka duba lambar gashi, wato lambar rukunin da aka gasa tare, a jikin kwalayen ta zama iri ɗaya. Tayil mai suna ɗaya daga gashi daban yakan sha bamban a launi, har a girma da milimita. Ka ƙara kashi 10 cikin 100 kan awonka saboda yanka da fashewa, 15 in shimfiɗar karkace za a yi, ka kuma ɓoye kwali biyu bayan an gama. Kada ka bari a haɗe su babu tazara don wai ya yi kamar gilashi, a bar milimita 2 zuwa 3. In an shimfiɗa, bi su da mariƙin makulli kana ƙwanƙwasawa. Duk wanda ya yi ƙarar fanko akwai rami a ƙarƙashinsa, a ɗaga shi tun mai aikin bai karɓi cikonsa ba.

Tambaya: Launin da na zaɓa a katin fenti ruwan madara ne, da aka shafa sai ya koma kamar ɗorawa. Kuma mai fenti na so ya gama sauran ɗakunan da aka yi wa filasta makon jiya. *(Maman yara)*

Amsa: Ki dakatar da shi. Sabuwar filasta tana son kamar mako huɗu, fiye da haka in akwai danshi a gari, sannan a fara da fentin share fage mai jure gishirin siminti. In aka rufe ta da ruwa a ciki, fentin zai ɓare.

Launin kuwa haske ne ya sauya shi. Ɗan kati a tafin hannu ƙarƙashin fitilar shago daban, bango guda daban, kuma launi kan ƙara ƙarfi in ya samu fili. Gani ya kori ji: a shafa mita ɗaya a bango biyu na ɗakin, shafi biyu, ki duba da safe, da la'asar, da kuma dare. Ki fara zaɓar ƙwan fitila, ki duba lambar launin haskensa, domin mai lamba 2700K zuwa 3000K ja-ja yake haskawa, yana ƙara wa ruwan madara rawaya, 4000K tsaka-tsaki ne, 6500K fari ne fat. Fenti marar sheƙi yana rufa wa filasta asiri, mai sheƙi yana tona duk wani tudu, amma shi ke gogewa da tsumma. Da yara a gida, mai ɗan sheƙi kaɗan ya fi miki a falo da hanyar wucewa.

Tambaya: Mabul ko giranit a teburin kicin?

Amsa: Giranit. Mabul dutse ne mai laushi, wuƙa na karce shi, duk abu mai tsami kuma yana cin fuskarsa ya bar tabo marar sheƙi. Ka kai shi inda ba a aiki a kansa.

Tambaya: Na sa an matsar da ƙofa ɗaya an ƙara taga. Ɗan kwangila ya ce ba komai, yanzu ya kawo lissafin da ya ba ni tsoro, yana kuma neman cikon kuɗinsa duka kafin ya ba ni makulli. *(Alhaji mai ritaya)*

Amsa: Ranka ya daɗe, "ba komai" a bakin mai gini tana nufin zai yiwu, ba ta nufin kyauta. Matsar da ƙofa ya ƙunshi fasa bango, sabuwar linta, sauya waya da makunni, da facin filasta. Ka ce ya warware maka lissafin kaya daban, aiki daban, ka nuna wa wani injiniya da ba shi da hannu a aikin. In ya yi daidai ka biya, tunda kai ka sa. Daga yau duk canji a rubuta shi da kuɗinsa da kwanakin da zai ƙara, ku sa hannu kafin a ɗaga guduma.

Cikon kuwa ka duba takardar yarjejeniyarku. A kwangilar gini an saba riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin 100 har tsawon wata 6 ko shekara, don gyaran abin da zai ɓulla. In ba ku rubuta haka ba, ka nemi ku daidaita a kai yanzu, kada ka riƙe masa haƙƙi da ƙarfi. Kafin ka biya komai ku zagaya gidan tare da rana. Buɗe kowace taga da ƙofa ka kulle, kunna duk famfo lokaci guda ka ga ƙarfin ruwa, zuba bokiti a kowane banɗaki ka ga inda ruwan ya nufa, soka cajar waya a kowane soket. Ka haska bango da tocila daga gefe, nan kwarin filasta ke fitowa. Abin da kuka samu a rubuta shi kwafi biyu da ranar gyara, kuma in da hali kada kuɗin rufi su fita duka sai ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a kansa ka leƙa silin.